Finafinan yaran titi da 'yan gudun gida: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli fim ɗin matasan da suka gudu daga gida suka koma kwanan titi, ya san ba a tashi daga gabansa haka nan. Tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, ko daga mai kallon da fim ya hana shi barci, ko daga iyaye, ko daga matashin da ke sha'awar rubuta labari ko riƙe kyamara. Waɗanda suka fi maimaituwa ne aka tattara a nan. A wasu amsoshin an faɗi yadda fim ya ƙare, saboda haka wanda ba ya son a ɓata masa kallo ya yi hattara.

Wane irin fim ake nufi idan an ce fim ɗin yaran titi?

Fim ne da jarumansa yara ne ko matasa da ba su da makwanci sai kango, ƙarƙashin gada, tashar jirgin ƙasa ko bakin shagon da aka kulle. Labarin yakan bi gungu ɗaya, mutum huɗu ko biyar, daga neman abin karyawa da safe har zuwa rigimar wurin kwana da dare. Ana sa shi a layin finafinan laifi saboda ba a rasa sata, dillancin ƙwaya, karuwanci da kisa a cikinsa. Sai dai ya sha bamban da fim ɗin manyan 'yan fashi. Su a can miliyoyi da iko ake kashe juna a kai, a nan kuwa bargo ne da takalmi.

Misalin da ya zauna daidai a kan wannan siffa shi ne Where the Day Takes You na 1992, wanda Marc Rocco ya ba da umarni. Yana bin gungun matasa a titunan Hollywood da ke Los Angeles, ƙarƙashin wani saurayi da suke kira King, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba. A cikinsa ne Will Smith ya fara fitowa a fim, a matsayin yaro mai tafiya a keken guragu.

Sabon salo ne, ko ya daɗe?

Ya kusa tsufan fim mai magana. A 1931 Tarayyar Sobiyet ta fitar da fim ɗin Nikolai Ekk kan marayun da yaƙi da yunwa suka zubar a tituna. A 1933 William Wellman ya yi Wild Boys of the Road a Amurka, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, matasa suka riƙa ɗarewa taragon kaya suna bin gari gari neman aiki don su rage wa iyayensu nauyi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Vittorio De Sica ya ɗauki labarin yara masu goge takalmi a birnin Rum a 1946, sannan Luis Buñuel ya yi Los Olvidados a birnin Meziko a 1950.

Wanda ya dubi shekarun zai ga irin wannan fim ba ya fitowa banza. Yakan biyo bayan yaƙi, ko karyewar arziki, ko kwararar mutane daga karkara zuwa birnin da bai shirya karɓarsu ba.

Ɗan gudun gida da yaron titi abu ɗaya ne?

Suna haɗuwa a wuri ɗaya, amma hanyar da ta kawo su daban ce. Masu aiki da irin waɗannan yara sun daɗe suna bambanta yaron da ke wuni a titi yana neman kuɗi ya koma gida da dare, da wanda titin ne ya zame masa gida gaba ɗaya. Cikin kashi na biyu ma akwai wanda ya fita da ƙafarsa, akwai wanda aka kora aka rufe ƙofa, akwai wanda ya tsere daga gidan marayu ko hannun masu riƙo. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira 'yan gudun gida, in ka zauna da labarinsu, korarru ne.

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya fitar da sharhinsa mai lamba 21 a 2017 musamman kan wannan batu, ya kuma zaɓi lafazin da ke nuna yaro ne da ya tsinci kansa a halin zaman titi, don kada titin ya zama sunansa. Finafinan Amurka da Turai sun fi karkata ga matashi ɗan shekara 15 ko 16 da ya sauka daga motar haya a babban birni bai san kowa ba. Na Indiya, Birazil da Maroko sun fi nuna ƙananan yaran da suka girma a titin.

Me ke fitar da yaro daga gidan iyayensa? Abin da finafinan ke nunawa gaskiya ne?

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Dalilan da ke maimaituwa a bakin yaran su ne duka, cin zarafi ta hanyar lalata daga wani na cikin gida, uba ko uwa da shaye-shaye ya cinye, rashin jituwa da mijin uwa ko matar uba, mutuwar mai riƙo, da talaucin da ke sa a ga yaro a matsayin bakin da ya yi yawa. Ba kasafai dalili ɗaya ke aikin ba. Yawanci yaro ya sha fita yana dawowa, kwana ɗaya, mako ɗaya, kafin ranar da bai dawo ba.

A nan ne nake auna fim. Mai rauni yakan ba ka dalili ɗaya a minti biyu na tuna baya, uba ya ɗaga bel, yaro ya tsallaka taga, shi ke nan. Mai ƙarfi yakan bar ka kana tsintar dalilin kaɗan-kaɗan daga abin da yaron ya ƙi faɗa, ko daga yadda yake zabura in an taɓa kafaɗarsa. Where the Day Takes You ya yi dabarar sa King gaban kyamarar wata mai yi masa tambayoyi.

In yaran ne ake zalunta, don me ake kiransa fim ɗin laifi?

Domin kusan duk abin da yaro zai yi ya rayu a titi, akwai dokar da ta haramta shi. Kwana a kango shiga wurin da ba naka ba ne. Bara laifi ne a birane da dama. A wasu jihohin Amurka gudun gida kansa abu ne da za a iya kama yaro a kai, alhali in babba ne ya tattara kayansa ya bar gida babu mai ce masa uffan. Ga shi kuma ba shi da takarda, ba shi da adireshi, shekarunsa ba su kai a ɗauke shi aiki ba. Abin da ya rage masa shi ne yankan aljihu, aiken dila, ko sayar da jikinsa.

Saboda haka laifin da ke cikin fim ɗin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai na yaran, wanda ake gani a fili. A sama akwai na manyan da ke ci da guminsu, wato mai sayen kayan sata, kawali, dila, da mutumin kirki mai mota da ke rage gudu a bakin titi da tsakar dare. Fim ɗin da ya nuna na ƙasa kaɗai ya ba ka rabin labari. Duba kuma amsar da ke magana kan 'yan sanda.

Me ya sa kusan kowane fim akwai wani babba a gungu da ake bi kamar uba?

Haka abin yake a zahiri. Yaron da ya kwana shi kaɗai zai farka babu takalmi, in ma ya farka lafiya. Gungu ne ke ba shi mai gadi lokacin barci, mai nuna masa bayan wane gidan abinci ake zubar da saura, da wanda zai rama masa. Shi ya sa suke raɗa wa juna sunaye, wani ya zama baba, wata ta zama uwa, ko da tazarar da ke tsakaninsu shekara biyu ce. Wannan kariya da kuɗinta: kason abin da ka samo, biyayya, wani lokaci abin da ya fi haka muni. A fim ɗin Ali Zaoua na Nabil Ayouch, wanda aka ɗauka a Kasabalanka aka fitar a 2000, yara huɗu ne suka ɓalle daga gungun wani shugaba, kuma tun farkon fim aka jefi ɗayansu da dutse ya mutu. Sauran fim ɗin gaba ɗaya ƙoƙarin abokansa uku ne na yi masa jana'iza irin ta ɗan sarki.

Me ya sa ake yawan nuna su da tsumma ko leda a hanci?

Sholisho ne, ko fenti, ko man da ake tsinka fenti da shi. Shi ne mafi arha cikin kayan maye, kuma ba a ɓoye ake sayar da shi ba tunda kayan aiki ne. Sinadarin da ke cikinsa yana dusashe jin yunwa da sanyi da tsoro na ɗan lokaci, abubuwa ukun da suka fi damun mai kwanan waje. Illarsa ita ce yana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a hankali, kuma yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya ko a shaƙar farko.

A finafinan biranen masu arziki ƙwayar takan canja. Christiane F. na 1981, wanda aka gina kan labarin gaskiya na wata yarinya a Balin ta Yamma, ya nuna matasa 'yan shekara 13 da 14 da allurar hodar maye ta kama, suna tsayuwa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Zoo don samun kuɗin na gaba. Abin lura shi ne jerin yadda abin ke faruwa. Masu kallo kan ɗauka ƙwaya ce ta kai yaro titi. Sau da yawa titin ne ya fara zuwa, ƙwayar ta biyo.

Tunda akwai gidajen mafaka, me ya hana su zuwa? Wannan ya fi komai ba ni haushi in ina kallo.

Ba kai kaɗai ba ne, kuma marubucin da bai amsa wannan tambayar a cikin labarinsa ba ya bar rami. Akwai dalilai na gaske. Na farko, gidan mafaka na yara yawanci dole ya sanar da iyaye ko hukuma, kuma wanda ya gudo daga hannun mai cin zarafinsa ya san ƙarshen wannan kira a mayar da shi inda ya fito. Dokar Amurka ta 1974 kan 'yan gudun gida, wadda ta fara ba irin waɗannan gidaje kuɗin gwamnatin tarayya, an yi ta ne don a daina kai yaran kurkuku, amma zaman da take ba yaro na ɗan lokaci ne, burinta kuma a sada shi da danginsa. Na biyu, gado ba ya isa. Na uku, akwai ƙa'idoji: lokacin rufe ƙofa, ba a shiga da maye, ba a shiga da saurayi ko budurwa, ba a shiga da kare. Ga yaron da karen nan ne kaɗai bai taɓa cin amanarsa ba, wannan sharaɗin ya isa ya juya.

Na huɗu ya fi wuyar bayani. Yaron da ya shekara yana ciyar da kansa, yana yanke wa kansa shawara, ba ya komawa a ce masa ga lokacin barci. Ya riga ya ɗanɗana abin da yake ganin 'yanci ne, kuma duk babban da ya taɓa yi masa alkawari ya saɓa. Masu aikin ceto da suka ƙware sun san sai an yi watanni ana kai wa yaro safa da ruwan zafi a inda yake, ba a tambaye shi komai ba, kafin ya faɗi sunansa na gaskiya.

Yadda ake nuna 'yan sanda a finafinan nan bai wuce gona da iri ba?

A wasu ya wuce, inda ake mayar da kowane mai kaki dodo don a sauƙaƙa labari. Amma tarihin da aka ɗebo abin daga ciki ba ƙirƙira ba ne. A daren 23 ga Yulin 1993, wasu mutane suka buɗe wuta kan yara da matasan da ke barci a gaban cocin Candelária a Rio de Janeiro, suka kashe takwas. Daga baya kotu ta samu 'yan sanda da laifin. Ɗaya daga cikin yaran da suka tsira a wannan daren shi ne ya yi garkuwa da fasinjojin motar bas mai lamba 174 a birnin a watan Yunin 2000, gidajen talabijin suna nunawa kai tsaye, kuma bai isa ofishin 'yan sanda da rai ba. José Padilha ya bi diddigin rayuwarsa a wani shirin gaskiya a 2002.

Abin da ya fi yawa a rayuwar yau da kullum bai kai kisa ba: kamen share titi kafin babban taro ko zuwan baƙi, ƙona kwali da bargo, karɓe ɗan abin da aka samo. Gidan horon kangararrun yara kuma, a Pixote na Héctor Babenco da finafinai da dama, shi ne makarantar da yaro ke shiga da ƙaramar sata ya fito da babbar sana'a.

Yaran da ke fitowa a finafinan 'yan wasa ne ko yaran titi na gaske?

Ya danganta da inda aka yi fim. Hollywood ta fi ɗaukar matasan 'yan wasa a shafa musu datti. A Where the Day Takes You akwai Dermot Mulroney, Sean Astin da Lara Flynn Boyle, kuma duk ƙoƙarinsu, haƙoransu sun fi na mai kwanan gada kyau. Sauran duniya ta fi bin hanyar De Sica, a nemo yaran da suka san rayuwar. Mira Nair ta tara yara daga titunan Bombay (Mumbai a yau) ta yi musu makonni na horo kafin ɗaukar Salaam Bombay! na 1988. Ayouch ya yi aiki da ƙungiyar Bayti mai kula da yaran titi a Kasabalanka. Nadine Labaki ta samo jarumin Capernaum na 2018 cikin 'yan gudun hijirar Siriya da ke zaune a Bairut.

Abin da ake samu a wurin irin waɗannan yara ba a koyar da shi: yadda ake cin abinci da sauri ana waige, yadda ake barci da takalmi a ƙarƙashin kai. Amma aro fuskar yaro na gaske bashi ne, kuma tambaya ta gaba a kan biyan bashin take.

To me ke faruwa da yaran bayan an gama fim?

Nan gizo ke saƙa. Fernando Ramos da Silva yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka lokacin da ya fito a Pixote, fim ɗin da ya zagaya duniya a farkon shekarun 1980. An gwada shi a wasannin talabijin, amma karatunsa bai kai ya haddace rubutun wasa ba, aikin ya tsaya, ya koma unguwarsu ta Diadema a gefen São Paulo. A watan Agustan 1987 'yan sanda suka harbe shi yana da shekara 19. Su sun ce musayar wuta aka yi, danginsa sun ce ba shi da makami. Yaron da duniya ta yi wa kuka a allo ya mutu irin mutuwar da fim ɗin ya yi gargaɗi a kai.

Shafiq Syed, jarumin Salaam Bombay!, ya karɓi lambar yabo ta ƙasar Indiya ta yaron da ya fi iya wasa. Harkar fim ba ta sake buɗe masa ƙofa ta kirki ba, daga baya aka same shi yana tuƙa babur mai ƙafa uku a Bangalore yana ciyar da iyalinsa. Amma daga kuɗin wannan fim ɗin ne aka kafa gidauniyar Salaam Baalak, wadda har yanzu take ba yaran titi makwanci da karatu a Delhi da Mumbai. Zain Al Rafeea na Capernaum kuwa, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da shi da iyalinsa Norway a 2018, inda ya shiga makaranta.

Shirin gaskiya ma bai tsira ba. Streetwise na 1984, wanda Martin Bell ya ɗauka a Seattle bayan hotunan da matarsa Mary Ellen Mark ta yi wa mujallar Life, ya ƙare da jana'izar ɗaya daga cikin yaran, wanda ya kashe kansa a gidan tsare yara. Bell da matarsa sun ci gaba da bibiyar wata yarinya daga cikin yaran har fiye da shekara 30, aka fitar da wani fim a kanta a 2016. A ganina wannan dawowar ita ce mafi mutunci cikin abin da mai kyamara zai iya yi, kuma kaɗan ne suka yi ta.

Babu dokar da ke kare kuɗin da yaron ya samu?

A wasu wurare akwai. Jihar California ta yi dokar Coogan a 1939, bayan Jackie Coogan, wanda ya fito a matsayin yaron da aka yar a fim ɗin Charlie Chaplin na 1921, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. A yau dokar tana tilasta a ajiye kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro a asusun da ba a taɓawa sai ya kai shekara 18. Matsalar ita ce dokar ta ɗauka yaro yana da takardar haihuwa, da asusun banki, da babban da zai sa hannu. Yaron titi na gaske yawanci ba shi da ko ɗaya, kuma in an danƙa masa kuɗi a hannu, shugaban gungu ko dangin da suka manta da shi ne za su fara ji.

Wasu na cewa cin kasuwa ne da wahalar talaka. Haka ne?

Zargin yana da tushe. Ya yi ƙarfi sosai bayan Slumdog Millionaire na 2008 ya lashe Oscar takwas, aka kuma ga ƙananan 'yan wasansa biyu har lokacin suna zaune a unguwar marasa galihu ta Mumbai, duk da cewa masu fim ɗin sun kafa musu asusu. Buñuel ya sha nasa zargin ta ɗaya ɓangaren: an ce ya zubar wa Meziko da mutunci, aka janye Los Olvidados daga sinima cikin 'yan kwanaki, sai da ya ci kyautar darakta a bikin finafinai na Cannes na 1951 aka dawo da shi. A 2003 UNESCO ta sa shi cikin kundin abubuwan tarihin duniya.

Ni dai abu uku nake dubawa. Shin yaron yana da abin dariya, da wayo, da buri irin nasa, ko an kawo shi ne kawai ya sha wuya? Shin kyamara ta san lokacin kau da kai, musamman a wurin lalata da yaro? Sannan wa ya ceci wa? In wani baƙo mai kuɗi da farar zuciya ne ya shigo ya gyara komai, fim ɗin nasa ne, yaran kayan ado ne. Haɗa wannan da amsar da ta gabata kan makomar 'yan wasan.

Me ya sa ba sa ƙarewa da daɗi?

Wasu suna ƙarewa, amma da wuya ka yarda da su. Wild Boys of the Road ya rufe da alƙali mai tausayi da ya sallami yaran ya yi musu alkawarin aiki, kuma ana jin ɗinkin a fili. Buñuel ma an sa ya ɗauki ƙarshe na biyu mai daɗi don tsoron hukumar tace finafinai, wanda aka gano a ma'ajiya bayan shekaru masu yawa. Wanda ya fitar shi ne na gawar yaro da aka ɗora a jaki aka jefar a bola. Marubuci yana cikin tsaka mai wuya: in ya ceci yaron, mai kallo zai tashi da sanyin zuciya kamar an magance matsalar, in ya kashe shi, ya maimaita abin da kowa ya zata. Waɗanda suka fi burge ni sukan ba yaron ƙaramar nasara daidai girmansa. Capernaum ya ƙare da yaron yana murmushi a gaban mai ɗaukar hoton takardar shaidarsa ta farko a duniya.

Yara nawa ne ke rayuwa a titi?

Adadin miliyan 100 da ake yawan ambata ya samo asali ne daga wani ƙiyasi na ƙarshen shekarun 1980, kuma masu bincike sun daɗe suna nuna ba a kan ƙidaya aka gina shi ba. Ƙidayar jama'a gida-gida ake yi, su kuwa ba su da gida, kuma ɓuya daga hukuma na cikin dabarun rayuwarsu. Inda aka yi bincike mai tsari, sakamakon ya girgiza mutane. Cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Chicago ta bayyana a 2017 cewa a Amurka, cikin shekara guda, kusan ɗaya cikin 30 na 'yan shekara 13 zuwa 17 yakan fuskanci wani nau'in rashin matsuguni ba tare da iyaye ba. Yawancinsu ba a ƙarƙashin gada suke ba. Suna yawo ne daga kujerar wannan aboki zuwa ta wancan, irin rayuwar da ba ta da kyan ɗauka a fim, shi ya sa ba ka cika ganinta ba.

Ni uwa ce, ɗana yana da shekara 14. Zan iya barinsa ya kalla?

Ki fara kallo ke kaɗai. Yawancin finafinan nan na manya ne: Where the Day Takes You yana da alamar R a Amurka, wato wanda bai kai 17 ba sai da babba, Pixote da Christiane F. kuma suna da wuraren da ko babba sai ya kau da ido. In kin ga ya dace, ki zauna tare da shi, kada ki mayar da kallon wa'azi. Tsoron da iyaye ke yi cewa fim zai sa yaro sha'awar guduwa ba a banza yake ba, domin rabin sa'ar farko takan nuna abota da 'yanci da dariya. Abin da zai fi miki amfani shi ne ki ji wane yaro ne a fim ɗin ya fi tausaya wa, da dalilinsa. In ya ce ya san wani a ajinsu da ba ya son komawa gida in an tashi, ki ɗauki maganar da muhimmanci. Amsar da ke bayani kan abin da ke fitar da yaro daga gida za ta taimaka miki.

Da wanne zan fara?

Wanda bai saba da irin wannan kallo ba ya fara da Ali Zaoua, domin akwai mafarki da wasan yara a cikinsa da ke sassauta ɗacin. Shi ne ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 2001. Mai son labarin 'yan gudun gida na birnin masu arziki ya haɗa Streetwise da Where the Day Takes You a mako guda, zai ga abin da wasa ya ɗauko daga gaskiya da abin da ya ƙawata. Mai son koyon sana'ar fim ya nemi Los Olvidados, bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, baƙi da fari ne. Pixote a bar shi a ƙarshe, kuma kada a kalle shi da dare in washegari akwai aiki.